Ma'ajin da Ya Roƙi a Bincike Shi

An yi wani mutum a wani gari, ba zan faɗi sunan garin ba, don na san halinku, ina faɗa wani zai miƙe ya ce kakarsa 'yar can ce. An daɗe da yin abin, tun ana rubuta rasit da takardar kabon a ƙarƙashi. Wannan bawan Allah sunansa Malam Hudu, sana'arsa wankin hula. Ku matso ku saurara, musamman ku 'yan kwamitin masallaci da na ga kun jeru a sahun gaba. Yau da ku nake, amma da alheri nake.

Malam Hudu ba shi da gona, ba shi da garke, ba shi da gidan haya. 'Yar rumfa ce gare shi a bakin kasuwa, da baho biyu, da buroshi, da itatuwan da yake kifa huluna a kai su sha rana. Dukiyarsa ɗaya ce a duniya, sunansa. In ka manta kuɗi a cikin hularka ka kai masa wanki, ranar karɓa za ka tarar da kuɗinka a ninke a cikinta, ko godiya ba zai tsaya ji ba. In mutum biyu suna musu a kasuwa, sai ɗaya ya ce wa ɗaya, to mu je gaban Malam Hudu ka maimaita. Da sunan nan yake ci, shi kuma yake fatan bar wa 'ya'yansa. Ku riƙe wannan, don a kan sunan nan labarin yake.

To, a garin akwai wata ƙungiya ta taimakon majinyata. In talaka ya kwanta a asibiti, likita ya rubuta magani, babu kuɗin saye, su ke saye. In aiki za a yi wa mutum, su ke biya. In rai ya yi halinsa, su kawo likkafani. Kuɗinsu ta hanya biyu suke shigowa. Akwai gudummawar da jama'a ke bayarwa, kowa daidai ƙarfinsa. Akwai kuma kujeru ɗari biyu da rumfuna huɗu da ƙungiyar ta saya, tana bayar da su haya in ana biki ko suna.

Dattawan da suka kafa ƙungiyar masu hangen nesa ne. Sun sa maƙeri ya ƙera musu akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, aka raba makullan a hannun mutum uku. Ɗaya yana wajen shugaba, Alhaji Namadi, dillalin shanu, mutum mai faɗa da kyauta, in ya daka maka tsawa da safe, kafin azahar ya aiko maka da nama. Ɗaya yana wajen shugabar mata, Gwaggo Yalwa mai daddawa, tsohuwa mai saurin kuka da saurin dariya. Na uku yana wajen ma'aji, wato Malam Hudu. Dokar ita ce ba a buɗe akwati sai su ukun suna tsaye, kuma duk shekara bayan kaka ma'aji ya karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita.

Doka mai kyau, ko ba haka ba? To ku ji yadda yarda ta cinye ta.

Alhaji Namadi kullum yana hanya, yau wannan kara, wato kasuwar dabbobi, gobe waccan. Wata rana aka kai wata mata asibiti, ana neman kuɗin aiki da gaggawa, Alhaji yana kasuwar ƙauye da makulli a aljihu, sai da aka bi shi da babur. Da ya dawo ya ciro makullin ya danƙa wa Malam Hudu, ya ce ya riƙe, shi ba za a rasa rai saboda guntun ƙarfe a aljihunsa ba. Ba a jima ba gwiwa ta matsa wa Gwaggo Yalwa, ita ma ta kawo nata a ƙulle a bakin gyale. Karatun lissafi kuwa, duk shekara Malam Hudu zai miƙe da littafinsa, ya gyara murya, kafin ya kai layi na biyu sai ka ji daga baya an ce, mun yarda Malam, zauna, a shafa fatiha, shinkafa tana hucewa. Kowa ya yi dariya a watse. Haka aka yi ta yi har shekara shida.

Wani zai ce, to ina laifi? Mutumin kirki ne, an yarda da shi. Ni ma da na fara jin labarin haka na ce. Ku dai saurara.

Wata damina rufin ɗakin Malam Hudu ya fara yoyo, irin yoyon da in an yi ruwa mai ɗakinsa ke jera kwanuka da robobi har a kan gado. Ya je wajen mai sayar da kwanon rufi ya tambayi kuɗin bandir, aka faɗa masa, ya yi murmushi ya juyo. A ranar kuma da hantsi ya je ya buɗe akwatin ƙungiya don ɗaukar kuɗin allurar wani majinyaci. Yana tsugune gaban akwati, shi kaɗai, makullai uku a hannunsa, sai ya ji zuciyarsa tana yi masa lissafi. Ba ta ce masa ka sata ba, ai zuciya ta fi haka wayo. Cewa ta yi, aro za ka yi, ga Sallah ta kusa, huluna za su yi yawa, ka mayar a hankali. Kuma wa ma zai sani?

Ya ɗauki kuɗin allura kaɗai, ya rufe akwati, ko sisi bai ƙara ba. Amma tsoro ya kama shi sosai. Wannan tambayar ta ƙarshe ce ta tsaya masa a rai. Ya duba gabas ya duba yamma, ya ga gaskiya ne, babu wanda zai sani. Tsakanin kuɗin majinyata da ɓarna babu abin da ya rage sai zuciyar mutum ɗaya, zuciya kuwa ba ta da ƙashi. Yau ya rinjaye ta saboda rufi ne kawai. Gobe fa, in ɗansa ne a kwance?

Washegari da sassafe ya sami Alhaji Namadi a ƙofar gida yana shan shayi. Bayan sun gaisa ya miƙa masa makulli.

"Alhaji, naka na kawo maka. Kuma ina roƙon a samo wanda zai binciki littafina."

Alhaji ya ajiye kofi, ya dube shi. "Wa ya zage ka?"

"Ba wanda ya zage ni, Alhaji."

"Malam Hudu, sunansa kawai za ka faɗa mini. Ni na san yadda zan yi da shi."

Malam Hudu ya ce wallahi ba kowa, shi dai kansa yake tsoro. Alhaji ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi, ya ce in Malam Hudu yana tsoron kansa, su sauran mutanen gari ai sai su faɗa rijiya. Ya tura masa makullin cikin aljihu, ya haɗa shi da rabin burodi, ya sallame shi.

Ya wuce gidan Gwaggo Yalwa. Ita tana ganin makulli ta ɓoye hannayenta cikin gyale, ta fashe da kuka. Ta ce ta san fushi yake don ba ta je sunan jikarsa ba, kuma Allah ya gani gwiwa ce, ɗan nan ya yafe mata. Sai ga shi ya koma shi ke ba ta haƙuri. Ya fito da makullinta a hannunsa da ƙullin daddawa.

Jama'a, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa an ɓata wa Malam Hudu rai. Aka shiga neman wanda ya yi. Wani tela da ya taɓa tambaya, tun bara, nawa kujeru ke kawowa, sai da ya rantse a gaban mutum goma kafin aka ƙyale shi. Aka naɗa dattawa biyar suka zo rumfar wanki da goro, suka zauna tsakanin jiƙaƙƙun huluna suna ba shi baki. Don su nuna masa babu ko ɗigon zargi a ransu, sai suka ciro hatimin ƙungiya, wanda da yake wajen sakatare, suka ce ya haɗa ya riƙe. Kun ji fa. Mutum ya fita mayar da makulli biyu, ya dawo da makulli uku da hatimi.

Nan Malam Hudu ya ga in bai tsaya da ƙafarsa ba, ƙaunar mutanen nan za ta hallaka shi. Ya ce musu gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ya ce ko dai a bincike shi, ko ya ajiye aikin a yau ɗin nan. Dattawa suka dubi juna, suka ce to tunda abin ya kai haka, a yi masa abin da yake so ya huce. Suka tambaye shi wa yake so ya duba. Ya ce Malam Cindo.

Kai, kun san wane ne Malam Cindo? Malam Cindo tsohon ma'aikacin baitulmali ne da ya yi ritaya, mutumin da in ya sayi ƙosai sai ya ƙirga a gaban mai suya, in ɗaya ya fi sauran ƙanƙanta ya ce a canja. Ba ya wasa, ba ya karɓar goro, ba shi da aboki a kan lissafi. Shi Malam Hudu ya zaɓa da bakinsa.

Malam Cindo ya zauna a zauren ƙungiya da tabarau a kan hanci har kwana tara. Rasit ɗaya bayan ɗaya yake ɗagawa. Ya je kantin magani ya tambaya, ya je gidajen waɗanda aka taimaka ya tambaya, ya ƙirga kujeru har da masu karyayyun ƙafa. Rana ta tara ya kira masu makullan uku. Ya ce ya duba shekara shida, ko sisi bai ɓata ba. Alhaji ya fara cewa ai dama ya faɗa, sai Malam Cindo ya ɗaga masa hannu, ya ce bai gama ba.

Ya yi musu bayani a tsanake. A dokar ƙasar, gudummawar da aka ba ƙungiyar taimako babu haraji a kanta. Amma in ƙungiya ta shiga kasuwanci, ribar kasuwancin akwai haraji, hayar kujeru da rumfuna kuwa kasuwanci ne. Shekara shida ba a biya ba, ba a kuma kai takardar lissafin shekara ofishin haraji ko sau ɗaya ba. In aka haɗa da tara, kuɗin da yawa, ana ma iya karɓe takardar izinin ƙungiya. Kuma sunan da ke jikin takardar rajista a matsayin mai alhakin kuɗi, sunan Malam Hudu ne.

Allura ta tono garma.

Malam Hudu ya ce, "Wallahi, Malam Cindo, ban san da wannan ba."

Malam Cindo ya ce, "Ni na san ba ka sani ba. Doka ce ba ta san ba ka sani ba."

To kun san bakin mutane. Abin da ya fita daga zauren shi ne an sami matsala a littafin Malam Hudu. Kafin maganar ta kai layin 'yan gwari masu kayan miya ta zama ya ci kuɗin kujeru. Kafin ta kai tasha ta zama yana gina gida a wani gari. Waɗanda suka sa tela rantsuwa, da yawansu su ne kan gaba. Satin nan huluna suka ɗauke. Wani ma ya zo ya karɓi tasa a jiƙe, ya ce sauri yake. Mai ɗakinsa ta dawo daga gidan biki tana hawaye, ta ce da ta shiga mata sun yi shiru, ta ce masa tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Malam Hudu ya san gaskiya ta faɗa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kada ku ɗauka mutumin kirki ba ya jin zafi. Abu ɗaya ya mallaka, ga shi ana yawo da shi a ƙasa, kuma da ƙafarsa ya je ya kira wanda ya tono.

Sai ga Alhaji Namadi ya zo rumfa, ya kori masu zaman banza, ya ja benci ya zauna kusa da shi. Ya ce ya samo mafita. A sayo sabon littafi, duk inda aka rubuta haya a mayar da shi gudummawa. Ai masu ɗaukar kujerun nan sun san kuɗin majinyata ne, ka ga sadaka suka yi. Shi ke nan babu haraji, babu tara, a tara jama'a a ce bincike bai sami komai ba, sunan Malam Hudu ya dawo tas. Ya ƙara da cewa kuɗin da za a kai ofishin haraji, maganin mutum nawa ne?

Ku lura, Alhaji ba mugu ba ne. Ƙauna ce ta kawo shi, kuma maganarsa da daɗin ji. Irin wannan jarrabawar ta fi wuya, wadda ke zuwa ta bakin masoyi. Malam Hudu ya daɗe yana goga hula ɗaya da buroshi kafin ya ɗago.

"Alhaji, kai dillali ne, in tambaye ka. Mutum ya zo ɗaukar kujeru, ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya juya kamar zai tafi, na kira shi na sallama. Wannan sadaka ya yi?"

Malam Hudu ya ajiye buroshi ya ci gaba.

"Ka taɓa ganin inda ake taya sadaka? Ni na rubuta haya don haya ce. In na canja, yau ne zan zama abin da ake cewa na zama."

Alhaji ya buɗe baki zai yi faɗa, sai dariya ta ƙwace masa. Ya ce shekararsa talatin yana ciniki a kara, yau mai wankin hula ya kayar da shi da albarka.

Na san abin da ke ran wasunku, na ga kuna motsi. Kuna cewa, Malam, su masu karɓar harajin ina suke kai shi? Wannan hisabinsu ne, kuma za su yi shi, wallahi za su yi shi. Amma in wani ya ci amana a can, wannan bai halatta maka rubuta ƙarya a nan ba. Kowa da littafinsa.

Ranar Litinin Malam Hudu ya zuba littattafai da rasitai a buhu, ya ɗaure a bayan keke, ya nufi ofishin haraji. Masinja ya tambaye shi me ke tafe da shi, ya ce ƙarar kansa ya kawo. Masinja ya dube shi sama da ƙasa, ya nuna masa benci can nesa da ƙofa, don ya ɗauka ba shi da lafiya. Yana nan zaune tun hantsi har azahar kafin aka shigar da shi wajen babban jami'i.

Jami'in ya saurare shi har ya gama, ya buɗe littafi ya duba, ya sake dubansa. Sai ya leƙa waje ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Ya ce shekararsa ashirin a wannan aiki, su ke bin mutane, mutane suna tsallake katanga, yau ga wanda ya tuƙo keke ya kawo kansa da buhunsa. Ya zauna ya yi lissafi. Ya ce doka ta ba shi ikon sassauta tara ga wanda ya zo da ƙafarsa, don haka ya yafe tarar. Asalin harajin kuwa dole a biya, amma a raba shi kashi huɗu. Ya ba shi takarda mai hatimi da ke nuna gudummawar ƙungiya babu haraji a kanta. Ya kuma koya masa ya riƙa ajiye littafi biyu, na sadaka daban, na haya daban, kada su sake haɗuwa. Da zai fita, jami'in ya cire hularsa ya miƙa masa, ya ce ya ji wanki yake yi. Malam Hudu ya karɓa, ya ce amma kuɗin da kowa ke biya zai biya, kada a ce toshiya ce. Ofis ya kwashe da dariya.

Aka sa ranar taro. Jama'a, tunda aka kafa ƙungiyar ba a taɓa cika irin ta ranar ba, kujeru ɗari biyun nan sai da suka kasa. Kun san dalili, an zo kallon yadda mai amana zai sha kunya. Malam Hudu ya miƙe da littafinsa, ya gyara murya, ya fara. Ya wuce layi na biyu, ba wanda ya ce mun yarda. Ya karanta shekara shida, sisi da kobo, abin da ya shigo da inda ya tafi, sunayen majinyata kaɗai ya ɓoye don rufin asirinsu. Shinkafa ta huce, ta yi sanyi, ba wanda ya waiwaye ta. A nan mutane suka fara jin yawan rayukan da 'yan kuɗinsu suka taimaka, wasu mata suna share hawaye.

Malam Cindo ya miƙe ya ce shi ya shiga binciken nan yana fatan ya kama wani abu, don bai yarda akwai akwatin da ba a taɓawa ba. Ya ce ya nema kwana tara bai samu ba, kuma abin ya ɗan ɓata masa rai. Ya koma ya zauna.

Sannan Malam Hudu ya faɗi kuskurensa da bakinsa, maganar haraji, da yadda aka ƙare a ofis, ya ɗaga takarda kowa ya gani. Da ya tsaya nan, da ya isa. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya ba su labarin ranar da ya tsuguna gaban akwati zuciyarsa ta yi masa lissafi, bai rage komai ba.

Ya ce, "Kun ce kun yarda da ni, na gode. Amma ni mutum ne kamar kowa. In kuna ƙaunata, ku taya ni tsare kaina."

Sai Alhaji Namadi ya miƙe, idonsa jajir, ya juya ya fuskanci jama'a. Ya ce laifin nasu ne, shi ne kuma na farko. Sun ɗora wa mutum kayan mutum uku sun yi tafiyarsu, sun sa wa lalacinsu suna yarda. Ya miƙa hannu ya ce a ba shi makullinsa. Gwaggo Yalwa ta dogara sanda ta taso, ta zaro hannu daga gyale ta karɓi nata, ta rangaɗa guɗa da tsufanta. Wurin ya kaure da kabbara da dariya. Mutumin nan da ya karɓi hularsa a jiƙe ya ratso mutane, ya cire ta kansa ya miƙa wa Malam Hudu, ya ce a yafe masa. Ranar Malam Hudu ya koma gida yana murna kamar an sauke masa dutsen niƙa daga ka, makulli ɗaya tak a aljihunsa.

A taron nan aka gyara doka. Aka ware 'yan kuɗin gaggawa a hannun ma'aji don kada majinyaci ya jira makulli, amma duk Juma'a mutum biyu su ƙirga. Duk shekara a kira mai bincike daga waje. Duk shekara a kai takarda ofishin haraji. Duk wanda ya ce mun yarda kafin a gama karatun lissafi, shi zai kwashe kujeru. Ma'aji kuma shekara uku ya sauka, kome kirkinsa. Wannan ta ƙarshe Malam Hudu ne ya kawo ta, kuma a kansa ta fara aiki. Ya cika shekara uku ya sauka yana dariya, ya koma wankin hularsa, sunansa ya fi da haske.

To ga inda nake so ku kasa kunne. Bayan Malam Hudu ya rasu da shekaru, an yi ma'aji na biyar, sunansa Malam Tukur. Ya yi shekarunsa uku ya sauka lafiya, aka yi masa addu'a, ana ce masa mai amana. Da ya tsufa, wata rana yana zaune cikin dattawa ana yabonsa, sai ya fashe da dariya har da hawaye.

Ya ce, "Ku daina yabona. Ni fa don in ci na nemi kujerar nan. Shekara uku ina zagaya akwati ina neman ƙofa, ban samu ba. Nan makulli, nan masu ƙirge, nan mai bincike. Tun ina jin haushi har na saba, har na ji daɗin kwana babu fargaba. Yau 'ya'yana suna tafiya a garin nan kansu a sama. Malam Hudu ko sanina bai yi ba, amma shi ya saya mini suna."

Allahu akbar. Kun ji ladan da ke bin mutum har kabari.

Jama'a, darasin a fili yake. Yarda ba ta hana lissafi, lissafi ne ke sa yarda ta daɗe. Mai gaskiya na ƙwarai shi ne wanda ke cewa ku zo ku duba ni, ba ya fushi in an tambaye shi rasit. Addininmu ya ce a rubuta, a kafa shaidu, ba don kowa ɓarawo ne ba, sai don kowa mutum ne. In kun sami mutumin kirki a cikinku, kada ku zuba masa makullai ku tafi barci, wannan zalunci ne, ko da kun kira shi girmamawa. Ku masu ƙungiyar unguwa, ku iyayenmu mata masu adashi da ke jina daga bayan labule, ku matasa masu tara kuɗin marayu a waya, ku rubuta, ku raba makulli, ku zauna a karanta muku har ƙarshe. Abin da hukuma ke bi, ku kai mata. Haya ku rubuta haya, sadaka ku rubuta sadaka.

Ma'ajinmu, na ga ka sunkuyar da kai, ɗago, ba kai kaɗai nake nufi ba. Asusun gyaran makarantar nan shekara huɗu ke nan yana hannuna, ni kaɗai, ba wanda ya taɓa tambayata, wai don ni ne malam. Ga makullin, ga littafin a aljihuna na zo da su. In an idar da salla mutum biyu su tsaya, kuma kada wanda ya ce mini mun yarda.

Allah ya tsare mana zukatanmu, ya haɗa mu da 'yan'uwan da za su taya mu tsare su, ya sa mu bar wa na bayanmu suna mai kyau. Ku ce amin da ƙarfi, ladan ya tashi ya kira salla.